Taron Tsintsiya Ko Shara? Sharhi a kan Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya Game da Sa Ido a kan Ƙirƙirarriyar Basira

1.0 Gabatarwa

Ranar 19 ga Satumba 2024 wani kwamitin ƙwararru mai mutum 39, wanda Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, António Guterres, ya naɗa a watan Oktoba 2023, ya fitar da rahotonsa na ƙarshe mai suna Governing AI for Humanity, wato tafiyar da sha'anin ƙirƙirarriyar basira ta yadda za ta amfani ɗan'adam. Kwamitin yana da shugabanni biyu, Carme Artigas ta ƙasar Sifaniya, da James Manyika, haifaffen Zimbabuwe kuma babban jami'i a kamfanin Google. Manufar wannan maƙala ita ce a yi wa rahoton sharhi ta fuska ɗaya tak, wato yadda ya tunkari batun haɗa kan hukumomin sa ido na fannoni daban-daban da na ƙasashe daban-daban.

Tun da farko ya kamata a fayyace kalmomi biyu da za a riƙa amfani da su. Abin da ake nufi da ƙirƙirarriyar basira shi ne manhajojin kwamfuta waɗanda ake horarwa da tarin bayanai har su iya yin hasashe, ko yanke shawara, ko samar da rubutu da hoto da murya. Hukumar sa ido kuwa ita ce ma'aikatar da doka ta ɗora wa alhakin kula da wani fanni, kamar banki ko magunguna ko sadarwa ko sirrin bayanan jama'a, ta kuma ba ta ikon bincike da hukunci. Matsalar da ke gabanmu ita ce, kowace irin wannan hukuma an gina ta ne domin fanni ɗaya a cikin ƙasa ɗaya, alhali kuwa manhaja guda tana iya shiga asibiti da banki da makaranta da ofishin 'yan sanda a ƙasashe ɗari a rana ɗaya.

Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, rahoton ya gano cutar sarai, amma maganin da ya rubuta ya fi karkata ga shirya wuraren zama da tattaunawa, alhali tarihin fannonin da suka riga wannan ya nuna cewa hukumomi kan haɗa kai ne idan sun yi aikin bincike tare a kan wata ayyananniyar ɓarna, da kalmomi da ma'aunai waɗanda suka yarda da su baki ɗaya.

2.0 Abin da Rahoton ya Ƙunsa

Rahoton ya kasa giɓin da ke akwai gida uku: giɓin wakilci, da giɓin haɗin kai, da giɓin aiwatarwa. A kan na farko ya kawo wani ƙidaya mai tayar da hankali. Ya ɗauki manyan yunƙure-yunƙure bakwai da aka yi a wajen Majalisar, tun daga ƙa'idojin ƙungiyar OECD na 2019 har zuwa sanarwar Bletchley ta 2023 da ta Siyol ta 2024, sa'an nan ya duba ƙasashen da suka shiga cikinsu. Sai ya tarar ƙasashe bakwai ne kurum suka shiga dukkansu, wato Amurka da Birtaniya da Faransa da Italiya da Jamus da Japan da Kanada, amma ƙasashe 118 ba su shiga ko ɗaya ba, kuma 48 daga cikin waɗannan na Afirka ne.

Domin cike giɓin, kwamitin ya ba da shawarwari bakwai. Na farko, a kafa kwamitin masana kimiyya na duniya. Na biyu, a riƙa zaman tattaunawa a kan manufofi sau biyu a shekara. Na uku, a buɗe wani zaure na musayar ma'aunai, wanda zai ajiye kundin ma'anonin kalmomi da mizanan gwaji. Na huɗu zuwa na shida sun shafi horar da ma'aikata, da asusun tallafi, da tsarin bayanai na bai ɗaya. Na bakwai kuwa shi ne a buɗe ƙaramin ofishi a sakatariyar Majalisar wanda zai riƙe ragamar sauran. Kwamitin ya duba yiwuwar kafa wata hukuma ta duniya mai ikon tilastawa, irin wadda ke kula da makamashin nukiliya, amma ya ga lokacin yin haka bai yi ba.

Wasu daga cikin shawarwarin sun riga sun zama aiki. A watan Satumba 2024 ƙasashe suka amince da yarjejeniyar fasahar zamani ta duniya, a watan Janairu 2025 aka buɗe ofishin Majalisar mai kula da sababbin fasahohi, sa'an nan a ranar 26 ga Agusta 2025 babban zauren Majalisar ya zartar da ƙudurin kafa kwamitin masana mai mutum 40 da kuma dandalin tattaunawa na duniya, wanda aka tsara zamansa a Jeniba a 2026 da Niyu Yok a 2027. Ke nan ba takardar da aka jefa a kwandon shara muke magana a kai ba, shi ya sa ta cancanci a tarke ta da kyau.

3.0 Inda Rahoton ya Dace

Adalci ne a fara da yabo inda yabo ya kamata. Da farko dai rahoton bai bi sahun masu kururuwar cewa injuna na gab da hallaka duniya ba, bai kuma bi sahun masu cewa kasuwa za ta gyara kanta ba. Ya tsaya tsakiya, ya nuna cewa masana kansu ba su daidaita a kan girman haɗarin ba, saboda haka ana bukatar wata majalisar masana wadda za ta riƙa tace abin da aka sani daga abin da ake zato. Na biyu, ƙidayar nan ta ƙasashe 118 ta tona wani abu da aka daɗe ana rufewa da kalmar "duniya". Sau da yawa idan aka ce duniya ta amince da wata ƙa'ida, abin da ake nufi shi ne ƙasashe ƙalilan masu kamfanonin sun amince, sauran kuwa sai dai su ji a salansa. Na uku, ƙin ba da shawarar kafa babbar hukuma mai tilastawa ba tsoro ba ne, sanin yakamata ne, domin makamashin nukiliya yana da ma'adinai da tashoshi waɗanda mai bincike zai je ya auna, amma manhaja ana iya kwafe ta a aika wata nahiya kafin ƙiftawar ido.

To amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Akwai raunuka uku da suka shafi batunmu, kuma za a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

4.0 Rauni na Farko: Hukumomin Cikin Gida

Rahoton yana magana ne da ƙasashe kamar kowace ƙasa baki ɗaya gare ta. A zahiri kuwa wanda ke zuwa taron Majalisar jakada ne ko minista, amma wanda ke da ikon shiga kamfani ya nemi a buɗe masa littattafai jami'in hukumar sa ido ne, kuma irin waɗannan hukumomi da yawa suke a kowace ƙasa, kowacce da dokarta da kishin huruminta. Idan ba su daidaita a gida ba, babu abin da jakada zai kai waje sai fatar baki.

Abin da ya faru a ƙasar Holan ya isa misali. Hukumar haraji ta ƙasar ta yi amfani da wani tsarin lissafi na kwamfuta domin gano masu zamba a kuɗin tallafin renon yara, kuma tsarin yana ɗaukar kasancewar mutum ɗan wata ƙasa a matsayin alamar haɗari. Iyaye fiye da 20,000 aka zarga ba bisa gaskiya ba, aka tilasta musu mayar da kuɗi masu yawa, har wasu gidaje suka rushe. Binciken majalisar dokoki na Disamba 2020 ya nuna cewa masu yin doka da masu zartarwa da kotuna duk sun gaza, gwamnati ta yi murabus a watan Janairu 2021, sa'an nan a ƙarshen wannan shekara hukumar kare bayanai ta ci tarar hukumar harajin yuro miliyan 2.75. Abin lura a nan shi ne ƙasar ba ta rasa hukumomi ba. Akwai mai kula da sirrin bayanai, akwai mai kula da nuna bambanci, akwai mai karɓar koke-koken jama'a, amma kowanne yana ganin gefe ɗaya ne na al'amarin, kuma kafin a haɗa gefunan aikin gama ya gama.

Akwai kuma misalan da suka nuna hanyar gyara. A 2019 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Jamus ta hana kamfanin Facebook haɗa bayanan mutane daga manhajojinsa daban-daban ba da yardarsu ba. Kamfanin ya ce wannan hurumin hukumar kare bayanai ne, ba na hukumar gasa ba. Ranar 4 ga Yuli 2023 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa hukumar gasa tana iya duba ko an karya dokar bayanai, amma wajibi ne ta tuntuɓi hukumar da ke da hurumin, ta kuma yi aiki da ita da zuciya ɗaya. Wato kotu ta mayar da haɗin kai wajibi bayan da can ganin dama ne. A Birtaniya kuwa hukumomi uku, na gasa da na bayanai da na sadarwa, suka kafa wani zauren haɗin gwiwa a 2020, ta huɗu mai kula da harkokin kuɗi ta shigo a 2021, har suka kai ga ba masu ƙirƙira amsa guda a kan tambayar da ta ratsa huruminsu duka. Amma wannan zaure ba doka ce ta kafa shi ba, saboda haka ba shi da ikon raba gardama idan hukumomin suka saɓa.

A Nijeriya ma an ga irin wannan. Hukumar kula da gasa da kare masu saye, FCCPC, tare da hukumar kare bayanai ta ƙasa, sun yi binciken haɗin gwiwa a kan kamfanin Meta tun daga 2021, wanda ya kai ga tarar dala miliyan 220 a watan Yuli 2024, kuma kotun sauraron ƙararrakin gasa ta tabbatar da ita a watan Afrilu 2025. Shari'ar a kan bayanan masu amfani da Facebook da WhatsApp ce, amma bayanai su ne abincin ƙirƙirarriyar basira, kuma darasin a fili yake: hukumar da ta san kasuwa da hukumar da ta san bayanai sun cim ma abin da ɗayarsu ba za ta cim ma ita kaɗai ba. Irin wannan aiki na ƙasa-ƙasa shi ne rahoton bai ba shi gurbin da ya dace ba. Bai ce ga yadda za a raba hurumi ba, bai ce ga wanda zai jagoranci bincike idan ɓarna ta ratsa fanni uku ba, bai kuma taɓo dokokin sirri da kan hana hukuma ɗaya miƙa wa 'yar'uwarta shaidar da ta samu ba.

5.0 Rauni na Biyu: Ƙetare Iyaka

Rauni na biyu shi ne dogaro da ganin dama. Rahoton ya ambaci musayar labarin manyan ɓarnace-ɓarnacen da suka fi ƙarfin hukumomin ƙasa, amma ya bar shi ga wanda ya so. Tambayar da bai amsa ba ita ce, idan kamfani yana zaune a wata ƙasa, ɓarnarsa kuma tana sauka a wata, wa zai kama shi?

Labarin kamfanin Clearview AI na Amurka ya bayyana girman wannan tambaya. Kamfanin ya kwashe hotunan fuskokin mutane biliyoyi daga intanet ba da saninsu ba, ya gina manhajar gane fuska yana sayar wa jami'an tsaro. Hukumomin bayanai na Birtaniya da Ostireliya suka buɗe bincike tare a 2020, wanda wannan kansa abin koyi ne. A 2022 Italiya da Girka da Faransa kowacce ta ci kamfanin tarar yuro miliyan 20, Birtaniya ta ci shi fam miliyan 7.5, sa'an nan a 2024 Holan ta ƙara da yuro miliyan 30.5. Kamfanin ya tsaya a kan cewa ba shi da ofishi a Turai, saboda haka dokarta ba ta hau kansa ba. A 2023 Faransa ta ƙara masa yuro miliyan 5.2 saboda ƙin bin umarninta. A Birtaniya wata kotu ta soke tarar a watan Oktoba 2023 bisa dalilin rashin hurumi, sai a watan Oktoba 2025 kotu ta sama ta warware wannan hukunci. Ke nan hukumomi masu ƙarfi a ƙasashe masu arziki sun yarda da juna a kan laifin, amma shekaru suka yi ta wucewa ana ja-in-ja a kan wanda ke da ikon hukuntawa. Idan haka ta faru da su, ina ga ƙaramar hukuma a ƙasar da kamfani bai ma san da zamanta ba?

Daɗin daɗawa, alkawarin ganin dama yana bin iskar siyasa. A Bletchley a watan Nuwamba 2023 ƙasashe 28 da Tarayyar Turai, ciki har da Amurka da Sin da Nijeriya, suka sa hannu a kan sanarwa ɗaya. A watan Janairu 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta soke umarnin shugaban ƙasa na 2023 a kan wannan fasaha, kuma a taron Faris na watan Fabrairu 2025 Amurka da Birtaniya suka ƙi sa hannu a kan sanarwar ƙarshe. Tsakanin tarukan biyu wata 15 ne kawai.

Wanda ya fi kowa nisa wajen ɗaure haɗin kai da doka shi ne Tarayyar Turai. Dokarta ta ƙirƙirarriyar basira, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 2024, ta kafa ofishi na tsakiya mai kula da manyan manhajoji, da majalisa mai wakili daga kowace ƙasa cikin 27, ta kuma bar kula da manhajojin banki a hannun masu sa ido a kan banki, tare da tarar da kan kai yuro miliyan 35 ko kashi 7 cikin ɗari na cinikin kamfani a shekara. Duk da haka ƙasashe da dama ba su naɗa hukumominsu ba kafin wa'adin 2 ga Agusta 2025, kuma a watan Nuwamba na wannan shekara hukumar zartarwa ta Tarayyar ta kawo shawarar ɗage wasu sassan dokar, domin ma'aunan gwaji ba su kammala ba. Idan inda akwai kotu ɗaya da doka ɗaya aikin yana tafiyar hawainiya, to zaman tattaunawa kaɗai ba zai yi sauri ba.

6.0 Rauni na Uku: Harshe

Rauni na uku shi ne wanda ya fi kusa da masu nazarin harshe, kuma fuska biyu gare shi. Fuska ta farko ita ce ta keɓaɓɓun kalmomi. Rahoton da kansa ya lura cewa kalmomin da ake ta maimaitawa, kamar adalci da aminci da bayyana gaskiya, ba su da ma'anar da aka yi ittifaƙi a kanta, shi ya sa ya nemi a ajiye kundin ma'anoni. Amma ya ɗauki matsalar kamar ta rubuta ƙamus ce, alhali ta fi haka zurfi. A 2016 aka yi ta muhawara a Amurka a kan wata manhaja mai suna COMPAS da kotuna ke amfani da ita wajen hasashen wanda zai sake aikata laifi. 'Yan jaridar ProPublica suka ce tana zaluntar baƙar fata, kamfanin ya ce tana yin adalci, kuma kowanne da lissafinsa. Daga baya masana lissafi suka tabbatar cewa ma'aunan adalcin nan biyu ba sa haɗuwa a lokaci guda muddin yawan aukuwar abin ya bambanta tsakanin rukunonin jama'a. Ke nan zaɓen ma'anar kalma zaɓen wanda zai cutu ne, kuma wannan ba aikin injiniya ba ne shi kaɗai.

Haka nan Ingilishi yana da kalmomi biyu, safety da security, ta farko tana nufin kuɓuta daga cutarwa kowace iri, ta biyu tana nufin kariya daga maƙiyi. Jamusanci da Sifaniyanci da Sinanci kowanne kalma ɗaya yake amfani da ita ga duka biyun. A watan Fabrairu 2025 Birtaniya ta sauya sunan cibiyarta ta gwajin manhajoji daga kalma ta farko zuwa ta biyu, kuma sauyin ya zo da taƙaita aikinta ga barazanar tsaro da manyan laifuffuka. Mai karatu a harshen da bai raba kalmomin ba zai ga kamar babu abin da ya canja. Hausa ma idan aka fassara duka biyun da "tsaro" an ɓatar da rabin ma'ana, domin manomin da manhaja ta ba shi gurguwar shawara a kan maganin ƙwari ba maƙiyi ne ya far masa ba, amma ya cutu.

Fuska ta biyu ita ce harshen da ake gwaji da shi. A watan Oktoba 2023 wasu masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka suka ɗauki tambayoyi masu haɗari waɗanda manhajar GPT-4 ke ƙin amsawa da Ingilishi, suka fassara su zuwa Zulu da Hmong da Guarani da harshen Gelik na Sikotland. Da Ingilishi abin da ya tsallake shingen bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, amma da aka haɗa waɗannan harsuna sai ya kai kashi 79. Ma'anar wannan ga hukumar sa ido ita ce, takardar shaidar da aka bayar bayan gwaji da Ingilishi shaida ce a kan Ingilishi kurum. Rahoton ya ambaci bambancin harsuna, amma galibi ta fuskar tara bayanai da raba amfani, bai ɗauke shi a matsayin sharaɗin sa ido ba.

Hausa ta isa misali a kan yadda wannan ya shafi iyakoki. Manhajar da ke amsa tambaya da Hausa amsa ɗaya take bai wa mutumin Katsina da na Maraɗi. Amma hukumar kare bayanai da ke Abuja da Ingilishi take aiki, takwararta ta Yamai kuma ta gaji dokoki da Faransanci, ko da yake kundin mulkin da Nijar ta fitar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Sa'an nan inuwar da ta haɗa ƙasashen biyu a kan kare bayanai tun 2010, wato ƙungiyar ECOWAS, Nijar ta fice daga cikinta a watan Janairu 2025. Al'umma ɗaya ke nan, mai harshe ɗaya, tana fuskantar manhaja ɗaya, amma masu tsaronta suna magana da harsuna biyu waɗanda ba da su ɓarnar za ta auku ba.

7.0 Darasi Daga Fannonin da Suka Gabata

Ba wannan ne karo na farko da wata sana'a ta fi ƙarfin iyakar ƙasa ba. A sufurin sama, yarjejeniyar Cikago ta 1944 da ƙarin bayananta sun tsara cewa idan jirgi ya yi haɗari ƙasar da abin ya faru a cikinta ita ke jagorantar bincike, amma ƙasar da aka yi wa jirgin rajista da wadda ta ƙera shi suna da haƙƙin turo wakilai, kuma manufar binciken hana aukuwar irinsa ce, ba ɗora laifi ba. Bayan karon jirage biyu a tsibirin Tenerife a 1977, inda mutum 583 suka rasu kuma rashin fahimtar magana ta rediyo na cikin dalilai, sai aka tsaurara kalmomin da matuƙi da mai ba da hanya ke amfani da su. A harkar banki, rushewar bankin Herstatt na Jamus a 1974 ita ta haifar da kwamitin Basel, wanda a 1975 ya raba alhaki tsakanin hukumar ƙasar da banki ya fito da ta ƙasar da ya buɗe reshe. A yaƙi da halatta kuɗin haram kuwa, ƙungiyar FATF da aka kafa a 1989 tana sa ƙasashe su binciki juna, kuma shiga jerin waɗanda ake sa wa ido yana da tsada, kamar yadda Nijeriya ta ɗanɗana daga Fabrairu 2023 zuwa Oktoba 2025.

Abubuwa huɗu ne suka haɗa waɗannan misalai: wajabcin ba da rahoton ɓarna, da sanin wanda zai jagoranci bincike tun kafin ɓarnar ta auku, da kalmomin aiki na bai ɗaya, da kuma binciken juna wanda ke da sakamako. Babu ɗaya daga cikinsu da ke bukatar babbar hukuma ta duniya. Gaskiya ne cewa Basel da FATF ƙasashe masu arziki ne suka kafa su, suka kuma shimfiɗa wa sauran ƙa'idojin da ba a shawarce su a kai ba, kuma a nan ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta fi su, domin ƙasashe 193 ke zaune a cikinta. Abin da ake so shi ne a haɗa faɗin wakilcin Majalisar da kaifin aikin waɗancan, amma rahoton ya riƙe na farko ya saki na biyu.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, wannan rahoto ya yi ƙoƙari wajen nuna wa duniya yawan waɗanda aka bari a baya, ya kuma buɗe musu ƙofar zaure. Amma shiga zaure daban, samun ikon bincike daban. Idan dandalin tattaunawar da aka kafa yana son ya wuce taron tsintsiya, to akwai abubuwan da ya kamata ya sa a gaba. Ya ware zama na musamman ga jami'an hukumomin sa ido su kansu, na lafiya da na kuɗi da na bayanai da na gasa. Ya tsara takardar yarjejeniya ta misali wadda hukumomi biyu za su ɗauka su sa hannu domin musayar shaida da bincike tare. Ya nemi a wajabta wa manyan kamfanoni ba da rahoton ɓarna ga kowace ƙasar da abin ya shafa. Sa'an nan ya sa sharaɗin cewa duk manhajar da za a sayar wa al'umma sai an gwada ta da harshen da al'ummar za ta yi amfani da ita.

Wannan sharaɗi na ƙarshe yana ɗora wa sassan nazarin harsuna na jami'o'i nauyi. Hukumar da ke son gwada manhaja da Hausa ko Fulfulde ko Amharik tana bukatar waɗanda suka san karin magana da habaici da zaurance, waɗanda za su iya gane inda cutarwa ta ɓuya a cikin lafazi mai laushi, tana kuma bukatar daidaitattun kalmomi da za ta rubuta hukuncinta da su. Aikin ƙirƙiro keɓaɓɓun kalmomi da aka daɗe ana yi domin aji da littafi, yanzu kotu da hukuma ma suna jiransa.